Goro Bakwai da Ƙofar Gabas

Daga tsakar gidana ana jin ƙarar guga. Rijiyar tana bayan ganuwa, kusa ƙwarai, har in mata suna gardamar wa ta riga wa zuwa, matata takan gane muryoyinsu tana zaune bakin murhu. Amma kafin ta kai ga ruwan nan sai ta ratsa gari tun daga gabas har ƙofar yamma, wadda ita kaɗai ce ƙofarmu, sannan ta bi bayan ganuwa ta gefen gwalalo, ramin da ya kewaye ganuwar, mai cike da sarƙaƙiya, ta zagayo. Ta cika tulu, ta sake bin sawunta. Rijiyar cikin gari takan ƙafe tun kafin tsakiyar rani, abin da ya rage a gindinta kuwa zartsi ne, ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Matata mutuniyar wajen Tsafe ce, daga wani ƙauye kusa da Bilbis. Kurkunu ya taɓa kama ta a ƙafar hagu, ya fita ya bar mata gwiwa a sandare. In ta dawo daga ɗiban ruwa takan sauke tulu ta zauna ta miƙe ƙafar, abin kuwa yana ci mini rai.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin Bungudu da Gusau, kana iya zuwa Furfuri ka dawo kafin azahar. Kakanninmu sun kewaye shi da ganuwa saboda mahara. A lokacin da nake magana Nasara sun riga sun zo, hari ya mutu, an daɗe ba a rufe ƙofa da rana tsaka ba. Sai na ce a raina, mene ne amfanin bangon da ba ya tare kowa sai mace mai ciwon ƙafa? A fasa ƙofa ta gabas mana.

To, a garinmu ba a taɓa ganuwa, ko kasuwa, ko burtali, sai magana ta wuce wuri biyu. Na farko muna ce masa Inuwa. Duk magidancin da ke da gida a cikin ganuwa yana da ƙafa a wurin. Ana taruwa gindin wata tsohuwar tsamiya bayan an gama kaka, a faɗi magana, wanda ya yarda ya tashi ya koma gabas da itacen, wanda bai yarda ba ya zauna inda yake. Na biyu shi ne Zaure. Mutum bakwai ne kacal, manyan gidaje bakwai da suka gina ganuwar, kowane gida da rabonsa na bango da yake yaɓewa bayan damina. In Inuwa ta yarda, sai a zuba goro bakwai a ƙoƙo, a rufe da faifai, a miƙa cikin Zaure, a saki asabari. Dattijon da ya yarda ya ɗauki goro, wanda bai yarda ba ya bar nasa. Sai an ɗauki huɗu magana ta tsaya. Sun rantse ba mai faɗin wanda ya ɗauka da wanda ya bari, ko abin da aka ce a ciki. Maganar da ta faɗi kuwa ba ta sake tashi sai wata kaka. Haka su ma dattawan, in suna son abu, sai sun aiko Inuwa. Mai gari nasa shela ne kawai.

Kakar farko na tashi na yi magana. Ban gama ba mutane suka fara miƙewa. Inuwar gabas ta cika har wasu suka tsaya a rana, waɗanda suka zauna ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu biyu ba. Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai, na ce wa matata sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ta fara sallama da doguwar hanya. Da la'asar ƙoƙo ya fito daga Zaure, aka ɗaga faifai a gaban jama'a. Goro huɗu na kwance a ciki.

Uku daga cikinsu ko makaho ya san masu su. Akwai mai masauki, wanda fatake ke sauka gidansa, da sarkin pawa, da tsohon maƙeri. Duk gidajensu na bakin ƙofar yamma. Kowane mai shiga da mai fita ta gabansu yake bi, matansu na sayar da fura da ƙosai ga masu zuwa rijiya da masu dawowa, jakunan baƙi na zuba musu taki kyauta. Su kam ban yi mamakinsu ba. Na huɗun ne ya hana ni sakat.

Sauran dattawa huɗu su ne yayan liman, da wani masaƙi mai nauyin kunne, da mai tumaki na unguwar kudu, da Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya yi mini aure kuma. Da suka fito daga Zaure na tsaya ina duban bakinsu ɗaya bayan ɗaya, wai in ga wanda haƙorinsa bai yi ja ba. Wauta ce, don dukansu tun asuba suke taunar goro.

Shekarar nan duk na zama mai leƙe. Na ga an kai cinyar rago daga rumfar sarkin pawa zuwa gidan masaƙi, na ce shi ne. Daga baya na ji suna ake yi a gidan. Na ga maƙeri ya gyara wa yayan liman garma bai karɓi komai ba, na ce ashe nan ne. Na ga mai tumaki ya kwana biyu yana kai dabbobinsa kiwo a saurar mai masauki, gonar da ya bari ta huta, na ce biri ya yi kama da mutum. In mutum biyu suna magana suka yi shiru da na iso, to da ni suke. In ba su yi shiru ba, sun ƙware ne. Matata takan ce mini zato zunubi, ni kuwa in ce mata ruwa ba ya tsami banza, mu kwana a haka.

Abin da na gane a hankali shi ne mutanen bakin ƙofa ba sa neman rinjaye. Su uku ne, kullum bakinsu ɗaya, mutum ɗaya kawai suke buƙata, kuma ba dole ya zama mutum guda kowace shekara ba. Bana su taya wannan a kan abin da yake so, ya bar musu goronsa, baɗi su koma wa wancan. Mu da muka cika inuwa har muka zubo rana sai mun samu huɗu cif daga cikin huɗun da suka rage. Gari mai gidaje da yawa, ashe mutum uku ke juya shi da aron mutum ɗaya.

Kafin kaka ta biyu na bi dattawan nan huɗu gida-gida. Yayan liman ya ce ruwa sadaka ne, wa zai hana. Masaƙi ya gyaɗa kai, ko ya ji ni ko bai ji ba, Allah masani. Mai tumaki ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina. Kawu kaɗai ne bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya tambaye ni dai ko dawata ta yi kyau. Inuwa ta sake tashi da ni, fiye ma da bara. Ƙoƙo ya sake fitowa da goro huɗu.

A makon ne na hango Kawu da mai masauki suna dawowa daga kasuwar Mada, jakunansu na jere, suna hira har da dariya. Nan take na ce a raina shi ne. Washegari da hantsi na same shi yana ɗaurin zana a ƙofar gida. Na gaishe shi a tsaye, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Kawu, kai na kab bar goro?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka san mun yi rantsuwa. Mi kaka so in hwaɗa maka?"

"Ina son in san wanda ka cin amanata. Ƙahwar matata kullum ƙara lalacewa takai, kai ko kana dariya da mutanen ƙohwa."

Ya ja igiya ya ɗaure, sannan ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, tahi ka zagaya ganuwag ga ta ciki, da ƙahwarka, ka dubi ƙasa da kyau, ka tuna rabon wa da wa. In ka gama ka komo mu yi magana."

Na ɗauka ba'a yake yi mini, wai in je in ɗanɗana zagayen da matata ke yi. Na juya ban yi masa sallama ba. Ban zagaya ganuwa ba, ban kuma koma ba. Wata da watanni in mun haɗu a masallaci sai in sunkuyar da kai in wuce, mutumin da ya goya ni a kafaɗa zuwa gona. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

A shekara ta uku masu sayen auduga daga Gusau suka fara yawaita a kasuwarmu, ana ta raɗe-raɗin wai hanyar jirgin ƙasa na tafe ta wajen Tsafe. Filin kasuwar da ke bakin ƙofar yamma ya yi kaɗan. Dattawa suka ci goronsu a kan a faɗaɗa shi, suka aiko Inuwa ta amince. Nan na ga tawa ta samu. Na bi magidanta ɗaya-ɗaya ina ce musu kada kowa ya tashi. Mutanen unguwar kudu ba su damu da ƙofata ba, burtali suke so a buɗe musu, na ce su zauna mini yau in tashi musu gobe. Har wani maƙwabci da muka shekara ba ma ga maciji saboda iyakar gona na je na durƙusa masa. Ranar taro aka faɗi maganar kasuwa, aka jira. Ban da 'yan bakin ƙofa da barorinsu ba wanda ya motsa. Na ga fuskar sarkin pawa ta yi kamar an watsa mata toka, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Kwana uku bayan haka ina sassabe a gona, rana ta take, sai ga mai masauki da kansa, da lema da komai. Ya yi sallama, ya zauna kan kututture, ya yaba mini ƙasa, ya tambayi jikin mai ɗakina. Sannan ya ce, "Malam, gari ɗai muke. Ku kun riƙe muna kasuwa, mu mun riƙe muku ƙohwa, kowa ya yi hasara. Baɗi ku tashi muna, mu ci muku goro. Abu guda ɗai, ganuwa ta kakanninmu ta, a bar dattawa su nuna inda za a hwasa. Ka sa wanga cikin magana da bakinka, kada a ce mu munka ƙara."

Na ce to, ai wannan girmamawa ce.

Da na gaya wa matata sai ta daina tankaɗe, ta ce, "Mutumen da yash shekara biyu shina hana ka, shi na yab biyo ka gona da rana tsaka? Ni dai ban yarda da shi ba."

Na ce mata ta bar mini maganar maza. Ni da na zargi cinyar rago da garma da kiwon tumaki, ni da na zargi Kawu, ranar da abin zargi ya zo ya zauna kan kututturen gonata ban gan shi ba, don zuciyata ta cika da na kayar da su. A kaina na riga na san wurin. Akwai wani lungu a gefen gidana da ya miƙe har jikin ganuwa, ba kowa a ciki sai kaji. Ina za a fasa in ba nan ba?

Kaka ta zo. Muka tashi wa kasuwa. Na miƙe na faɗi maganar ƙofa, na ƙara da bakina cewa dattawa su nuna wuri, duk inda suka nuna mun karɓa. Na lura Kawu na zaune can gefe yana kallon ƙasa. Jama'a suka koma gabas da tsamiya. Da la'asar aka ɗaga faifai, goro ɗaya tak ya dawo. Matasa suka ɗaga ni sama, wani ya yi mini kirari. Ni kuwa idona na kan goron nan guda, ina cewa a raina, har yau dai tsohon nan bai haƙura ba.

Ranar nuna wuri dattawa suka fito da hantsi, mai gari na biye, mu ma muna biye. Suka bi jikin ganuwa ta ciki, zagayen da aka ce in yi na ƙi. A arewa maso gabas kududdufi ne, ba hanya. Gaba kaɗan dutse ne shimfiɗe, ba a iya sara. Muka iso lungun, na gyara tsayuwa. Sarkin pawa ya ce wannan bangon rabon gidansu ne, kakansa ya binne laya a gindinsa, ba mai taɓa shi yana raye. Daga kudu da gidana kuwa kushewun waɗanda suka kafa garin ne. Abin da ya rage tsakanin lungu da kushewu bango ne taku kaɗan, rabon gidan Kawu, kuma gidana ne a jingine da shi. Maƙeri ya karɓi turke daga hannun wani, ya yi sallama a ƙofar gidana, ya shiga, ya kafa shi a bayan ɗakin matata.

Na yi ihu na ce ba haka muka yi ba. Mai masauki ya ce da taushin murya, "Malam, kai kac ce duk inda anka nuna. Jama'a sun ji. Goro in an ci shi ba a amai nai."

Na juya wajen mutanen Inuwa, waɗanda suka ɗaga ni sama. Kowa ya sami abin kallo, wani takalminsa, wani reshen itace. Sun samu ƙofarsu, ba ta gidan kowa ta bi ba sai nawa. Ko da zan mai da magana sai wata kaka, kuma na san wannan karon ni zan zauna ni kaɗai su su tashi. Maƙwabcin nan na iyakar gona ya ce a hankali, yadda zan ji, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Sai matata ta fito daga ɗaki da mayafi, a gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta nuna ƙasa kusa da turken. Ta dubi maƙeri ta ce, "Baba, ɗiyata na nan."

Mun taɓa samun 'ya mace da ba ta kai suna ba, aka binne ta a bayan ɗakin uwarta kamar yadda ake yi wa jarirai. Ba alama a wurin sai wani ɗan dutse da matata ta sani. Dattawa suka dubi dutsen. Yayan liman ya ce a gusa da hanya kamu biyu, Allah ya ji ƙanta. Aka cire turke aka matsa da shi kamu biyu. Duk wanda ya taɓa korar jaki ya san jaki bai san kamu biyu ba.

Tunda hanya za ta cinye gidana, aka ba ni fili a wajen ƙofar yamma, bayan sabuwar kasuwa, cikin saurar mai masauki, wai alheri ya yi mini. Sai da muka tare na tuna wanda gidansa ke wajen ganuwa ba shi da ƙafa a Inuwa. Ranar da muke kwashe kaya Kawu ya zo da jakinsa ba wanda ya kira shi. Muka ɗaga jinkar ɗakin tare da wasu mutum huɗu, shi yana gaba, da tsufansa. Da muka sauke na tsuguna a gabansa na ce, "Kawu, goro guda da yad dawo..."

Ya ce, "Mun yi rantsuwa. Tashi ka kama wancan gehe, rana na yi."

Bai taɓa faɗa mini ba har ya rasu, ni ma ban sake tambaya ba. Wanda ya bar na huɗu a shekarun baya, ko shi ne ko waninsa, ban sani ba.

Aka fasa ƙofa, aka cike gwalalo a wurin, aka share sarƙaƙiya. Gaskiya ƙofa ta yi kyau. Mata na fita su dawo da ruwa kafin tuwo ya huce, mutane har suna kiranta da sunana, in sun gan ni su sa mini albarka. Daga sabon gidanmu ma, in aka ratsa gari aka fita ta gabas, tafiyar ba ta kai rabin ta dā ba. Na lissafa wa matata wannan da murna-murna, ina neman abin da zan riƙe.

Washegari ta ɗauki tulu. Na bi ta a baya ina so in ga ta shiga gari. Da ta kai bakin ƙofar yamma sai ta karkata, ta bi bayan ganuwa, tsohuwar hanyar gefen gwalalo wadda yanzu ba mai binta, ciyawa har ta fara rufe ta. Na sha gabanta na ce ga hanya ta kusa, don ita na yi shekara uku ina faɗa da gari.

Ta gyara gammo, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kai ka bi ƙohwarka. Ni ba ni taka ɗiyata."

Ta shekara tara tana zagayawa, tana jan ƙafar nan, har ranar da ta kasa tashi. Ko sau ɗaya ba ta bi ta ƙofar gabas ba.